Malamin Da Ke Hayin Iyaka

Ina aji uku na sakandare aka wayi gari malaminmu na lissafi yana sayar da kekensa da rediyonsa a bakin ƙofar makaranta. Mutumin Gana ne, ya shekara huɗu yana koyarwa a garinmu, har Hausa ta zauna a bakinsa, yana yi mana ba'a da ita idan muka kasa raba lamba. A watan Janairun 1983 ne, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da cikakkun takardu mako biyu su tattara nasu ya nasu. Umarnin ya ambaci marasa takardu, amma fargabar ba ta tsaya duba takarda ba. Ya tafi, muka yi watanni ana turo mana malamin tarihi ya riƙe mana aji, kuma da yawa daga cikinmu tun daga nan muka raba hanya da lissafi.

Sai da na girma na shiga wannan aiki na fahimci abin da ya faru. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, aka rattaba hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ba tare da biza ba a 1979. Shekara huɗu kacal bayan haka, da farashin man fetur ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi sanyi, sai aka kori mutanen Gana wajen miliyan ɗaya. Su ma can ba su da bakin magana, domin a 1969 gwamnatin Busia ta yi wa baƙi irin wannan kora, kuma cikin waɗanda aka loda a motoci har da Hausawan zango da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin ganuwar Kano ba. Ramuwar gayya ce tsakanin gwamnatoci, talaka ne ya biya kuɗinta sau biyu.

Na tuno da wannan ne saboda abin da muka gani da idonmu a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take ba maƙwabciyarta, har aka fara maganar tura sojoji. Iyakar nan tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500, ta shafi jihohi bakwai tun daga Kebbi har Borno. Wanda ya zana ta bai tambayi mutanen Jibiya da Ɗan Isa ko na Illela da Birnin Ƙonni ba, balle ya san cewa sarautar Maraɗi daga gidan Katsina ta fito. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar, ficewar kuma ta tabbata a Janairun 2025.

A waɗannan watanni, su wa suka buɗe baki don kada ɗan'uwa ya ɗaga wa ɗan'uwansa bindiga? Malaman addini sun yi tattaki zuwa Yamai. Sarakuna sun shiga tsakani. Sanatocin Arewa sun ƙi amincewa da yaƙi. Direbobi da 'yan kasuwa, waɗanda kayansu suka ruɓe a bakin shinge, sun yi ta kuka a gidajen rediyo. Kowane rukuni daga cikinsu yana da wanda zai kira a hayin iyaka, ya kira shi da sunansa. Mu fa, a wannan reshe namu? Na duba kundin bayanan tarurrukanmu na waɗannan watanni, ban ga layi ɗaya ba. Ban ɗora laifin a kan shugabanni ba, domin ni ma ina zaune a tarurrukan, ban ɗaga hannu ba. Gaskiyar magana ita ce, ko mun so aika gaisuwar jaje, ba mu san wanda za mu aika wa ba. Maraɗi ta fi Kano kusa da Katsina, amma da wuya a sami mutum biyar a cikinmu da ke da lambar wayar malamin firamare guda a can.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce wanda gemunsa ke cin wuta ba ya hura ta wani. Ga ƙarin girma da aka yi a takarda ba a gani a albashi ba, ga ajin yara ɗari da malami ɗaya, ga waɗanda suka yi ritaya suna jiran haƙƙinsu. Haka ne. Sai dai ina roƙon a duba inda wutar ta taso. A 1986 aka shigo mana da tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta zube, albashin malami ya koma abin dariya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, malamin Nijar ya kwana da albashinsa ya tashi da rabin ƙarfinsa a gaban kayan da ake shigowa da su daga waje. Bayan nan aka shawarci ƙasashen renon Faransa da su rage ɗaukar malamai na dindindin, su koma ga na kwantiragi masu araha, har ta kai 'yan kwantiragi suka rinjayi na dindindin a azuzuwan Nijar. Duk wanda ya ga yadda ake cike gurbi a makarantunmu da ma'aikatan wucin gadi, ya san iskar da ta kaɗa can ita ce take kaɗawa nan. Masu ba da bashi ofishinsu ɗaya, shawararsu ɗaya, suna ɗaukar abin da suka gwada a wata ƙasa su kai wata. Ministocin kuɗi suna haɗuwa su kwatanta lissafi. Malamin da za a gwada abin a kansa ne kaɗai ba ya jin labari sai ya iso ƙofar ajinsa. Da mun saurari takwarorinmu na Nijar shekara ashirin da suka wuce, da mun san amsar da za mu bayar tun kafin a yi mana tambayar.

Ba wai babu igiyar da ta ɗaure mu ba. Ƙungiyarmu ta NUT, wadda aka kafa tun 1931, tana cikin gamayyar ƙungiyoyin malamai ta duniya da aka kafa a 1993, kuma ranar 5 ga Oktoba da muke biki ranar malaman duniya ce baki ɗaya. Amma wannan zumunci a sama yake yawo, tsakanin manyan otal-otal da filayen jirgin sama, bai taɓa sauka a ɗakin malamai ba. Ko hukumar jarrabawa ta WAEC, wadda tun 1952 take aiki, kuma ta fi yawancin yarjejeniyoyin siyasa ƙarko, harshen Turawan mulki ta bi: ta haɗa ɗalibinmu da na Banjul da Firitawun, ta bar na Damagaram da suke magana da harshe ɗaya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun yara. Tun daga 2019 dubban iyalai daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi, kamar yadda mutanen Borno suka tsere zuwa Difa kafin su. 'Ya'yanmu ne, wasunsu sunayensu na nan a tsofaffin rajistocinmu da jan layi a gaba. Wanda ya sami shiga aji a can, wani malami ne ya matsa masa wuri a kan tabarma, malamin da shi ma albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Ba mu taɓa ce masa sannu ba. Idan kuma yaron ya dawo, sai ya tsaya a gaban hedimasta da 'yar takarda da Faransanci, babu mai iya karanta ta, a mayar da shi aji ɗaya yana ɗan shekara goma sha biyu. Na ga irin wannan yaro, ya iya rabawa da ninkawa fiye da 'yan aji biyar, bai yi wata biyu ba ya daina zuwa saboda kunya. Wannan matsala ba ta bukatar taron shugabannin ƙasa. Malamai shida daga nan da shida daga can za su iya zama yini guda su fitar da takarda ɗaya da Hausa, mai nuna wane aji a can ya yi daidai da wane aji a nan. Akwai ma abin da za mu ƙaru da shi, domin Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun shekarun 1970, mu kuma muna da littattafan Hausa da za su yi musu amfani.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina kiran reshe ya goyi bayan soja ko farar hula a wata ƙasa ba. Ra'ayoyinmu a kan wannan sun bambanta, kuma kowa yana da 'yancin nasa. Mai riƙe da alli a Madarunfa abokin aikina ne ko wa ke zaune a fadar Yamai, kamar yadda ya kasance abokin aikina a zamanin da soja ke mulkinmu.

Don haka zan gabatar da ƙudiri a taron reshe mai zuwa: a rubuta wasiƙa da Hausa zuwa ga reshen ƙungiyar malaman Nijar da ke Maraɗi, a sanar da uwar ƙungiya ta jiha kamar yadda ƙa'ida ta tanada, a gayyaci wakilansu zuwa bikinmu na 5 ga Oktoba, batun sanya yaran da suka dawo a ajin da ya dace da su ya zama farkon abin tattaunawa. Kuɗin motar mutum uku da masaukinsu bai kai abin da muke kashewa a kan rumfa da lemo ba. Ina neman wanda zai mara wa ƙudirin baya, da kuma wani daga cikin malamanmu na Faransanci da zai karɓi aikin karanta takardun yaran kafin zangon karatu ya ƙare.