Katun na manya: Ko ya dace matasa su riƙa kallo?

Iyaye da dama kan saki jiki idan suka tarar da 'ya'yansu suna kallon katun, bisa zaton cewa duk wani zane mai motsi na yara ne.

Sai dai wasu daga cikin fitattun katun ɗin barkwanci na Amurka don manya aka shirya su, kuma an shafe fiye da shekara 30 ana ja-in-ja a ƙasar kan ko sun dace da matasa.

Muhawarar ta yi ƙarfi ne bayan da tashar Fox ta fara nuna The Simpsons a 1989, shirin da ke ɗauke da uba mashayin giya da ɗa mai rashin kunya.

Har shugaba George Bush babba sai da ya taɓo shi a 1992, inda ya ce yana son iyalan Amurka su rage kama da iyalin Simpson.

A 1993 kuma tashar MTV ta mayar da shirin Beavis and Butt-Head can cikin dare, bayan da wata uwa a jihar Ohio ta ɗora masa laifin gobarar da ɗanta mai shekara biyar ya tayar, wadda ta hallaka ƙanwarsa.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Tun 1997 Amurka ke sanya wa shirye-shiryen talabijin alamar shekarun masu kallo, kuma alamun sun nuna cewa akwai tazara tsakanin katun ɗin.

Yawancin sassan The Simpsons na ɗauke da alamar TV-PG, wato a kalla da sa idon iyaye. Family Guy, wanda ya fito a 1999, yana da TV-14, wato bai dace da 'yan ƙasa da shekara 14 ba.

Shi kuwa South Park, da aka fara a 1997, TV-MA aka ba shi, abin da ke nufin na manya ne, duk da cewa taurarinsa 'yan makarantar firamare ne.

Masu kare shirye-shiryen na cewa zambo ne ake yi wa 'yan siyasa da masu wariyar launin fata da munafukai, wanda kan koya wa matashi yin tambaya kan abin da yake gani.

To amma zambo na buƙatar mai kallo ya gane wanda ake yi wa dariya. Eric Cartman na South Park yaro ne mai furta kalaman ƙyamar Yahudawa da baƙar fata, an kuma ƙirƙire shi ne don a nuna munin halin. Ɗan shekara 18 zai iya fahimtar hakan, ɗan shekara 13 kuwa yana iya haddace zagin kawai ya kai wa abokansa.

Bambancin al'ada

Alamun shekarun ma da ma'aunin Amurkawa aka yi su. Shi ya sa a 2005, da tashar MBC ta fassara The Simpsons zuwa Larabci da sunan Al-Shamshoon, ta mayar da Homer Umar, giyarsa ta koma lemon kwalba. Shirin bai karɓu ba.

A Venezuela kuma, a 2008 hukumomi sun sa an cire shi daga jerin shirye-shiryen safe, suna cewa bai dace da yara ba.

Duk waɗannan matakai sun dogara ne da lokacin da tasha ke sa shiri. A yau matashi na iya kallon gutsattsarin South Park a wayarsa ta YouTube ko TikTok a kowane lokaci, ba tare da labarin da ya ba zambon ma'ana ba.

Hakan ya mayar da nauyin kan iyaye: su san sunan shirin, su duba alamarsa, su kalli ko da sashe ɗaya, sannan su tambayi ɗansu abin da ya ba shi dariya. Amsar da ya bayar za ta fi shekarunsa nuna ko ya isa kallo.