Sankarar hanji ta gado a ƙasar Sin: a gwada mutum guda, a ceto dangi

Masu iya magana na cewa rigakafi ya fi magani. Wannan zance ya zauna daidai a kan ciwon sankarar babban hanji da dubura, cutar da ta kama sama da mutum rabin miliyan a ƙasar Sin a shekarar 2022 kaɗai. Mafi yawansu tsufa da cima da yanayin rayuwa ne suka jawo musu, amma kimanin kashi 3 cikin 100 na masu wannan ciwo a duniya gadonsa suka yi, ta hanyar larurar da ake kira Lynch, sunan likitan Amurka Henry Lynch da ya yi bayaninta a 1966.

A jikin ɗan Adam akwai ƙwayoyin gado masu gyara kuskure duk lokacin da ƙwayoyin jiki ke rabuwa, irin su MLH1 da MSH2. Idan aka haifi mutum da ɗayansu a lalace, kurakurai sukan taru har su zama sankara, sau da yawa kafin shekara 50. Larurar ta bambanta da sikila da muka sani, wadda sai uwa da uba sun haɗu wajen bayarwa. A nan mahaifi ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa ko ɗiya na da kashi 50 cikin 100 na yiwuwar gado.

Amfanin sani ba abin jayayya ba ne. Wani bincike na ƙasar Finlan da aka buga a 2000 ya nuna cewa leƙa hanjin irin waɗannan iyalai da na'ura mai kyamara duk bayan shekaru uku, ana cire tsiro tun kafin ya rikiɗe, ya rage kamuwa da sankarar da sama da kashi 60 cikin 100. Yau likitoci na ba da shawarar a fara leƙen tun daga shekara 20 zuwa 25, a maimaita duk shekara ɗaya ko biyu. Wanda gwaji ya wanke kuwa, ya huta da fargaba, haka ma ƴaƴansa.

Masanan Sin sun taka rawa a wannan fage. Tun 1995 aka buɗe rajistar iyalai masu sankarar hanji ta gado a asibitin Queen Mary da ke Hong Kong. Masu binciken jami'ar Hong Kong sun gano wata lalacewa guda a MSH2 da ke yawo cikin iyalan kudancin Sin, alamar cewa daga kaka ɗaya ta samo tushe, kuma suna cikin waɗanda suka nuna a 2009 cewa lahani a wata ƙwaya mai suna EPCAM na iya kashe aikin MSH2.

To amma akwai cikas biyu. Na farko, ma'aunin Amsterdam na 1991 da aka daɗe ana dogaro da shi yana buƙatar a samu dangi uku masu ciwon a tsatso biyu a jere, ɗaya kafin shekara 50. A ƙasar da ta yi dokar haihuwar ɗa guda daga 1980 zuwa 2015, ina za a samu ƴan'uwan da za a ƙirga? Bugu da ƙari, a iyalan gabashin Asiya larurar kan fito a matsayin sankarar tumbi, ga mata kuma ta mahaifa, sai a ɗauka cututtuka ne daban.

Na biyu shi ne tsoro. Idan ba a manta ba, wasu matasa uku a birnin Foshan sun kai ƙara kotu bayan an hana su aikin gwamnati saboda suna ɗauke da ƙwayar wata cutar jini ta gado, kuma sun sha kaye a 2010. Duk wanda ya ji wannan labari zai yi tunani sau biyu kafin ya miƙa hannu a ɗebi jininsa, balle ya sanar da ƙaninsa ko dangin wadda zai aura.

Wannan jarida na ganin cewa bai kamata a jira sai an jera gawarwaki uku a gida ɗaya ba. Ya dace a auna tsiron duk wanda aka samu da sankarar hanji, kamar yadda hukumar lafiya ta Ingila ta ba da shawara tun 2017, sannan a bi dangin wanda aka samu da larurar da nasiha da sirri. Ya kuma dace hukumomin Sin su kafa doka ƙarara da za ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshora amfani da sakamakon. Muddin mutum na tsoron rasa abincinsa, takardar gwajin za ta ƙare ne a ƙasan akwati, ƴan'uwansa kuwa su isa asibiti bayan lokaci ya ƙure.