Kuɗinmu Ne, A Karanta Mana Lissafi

 Yau za mu ajiye maganar iri da taki, mu yi maganar ƙaramar hukuma, wadda muke ce wa komin. Ra'ayinmu ɗaya ne, kuma za mu faɗe shi tun da fari. Duk wanda aka karɓi dala a hannunsa da sunan haraji, a ba shi takarda. Duk shekara kuma a fito fili a karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita. A cikin abin da ya fita ɗin nan, muna so mu ji an fara da gyaran ganuwar tare ruwa, tun kogi yana bushe.

Bari mu tuna inda aka fito. A shekarar 1964 aka raba Nijar gida 7, Diffa ta zama babban gari na ɓangaren gabas. Shekaru da yawa bayan haka, mai riƙe da gari daga Yamai ake aiko shi, tafiyar kilomita fiye da 1,300. Sai ran 24 ga Yuli 2004, zamanin shugaba Tandja Mamadu, mutumin Maine-Sorowa, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasa. Jiharmu ta samu 12, cikinsu har da Diffa, Shetimari, Geskeru da Boso, waɗanda ke bakin kogi. An sake zaɓe a 2011, an kuma sake a watan Disamba 2020. A watan Afrilu 2024 hukumomin ƙasa suka rushe majalisun da aka zaɓa, suka naɗa kantomomi su riƙe ƙananan hukumomi.

To, ga abin lura. A da, in mutumin ƙauye yana da kuka, yakan je wurin kansilan da ya zaɓa, ya ce masa: "Kai muka tura, je ka faɗa." Da aka rushe majalisa, wannan ƙofa ta rufe. Amma haraji bai tsaya ba. Mai tikiti yana nan bakin kasuwa, bulama yana nan yana zagaya gidaje. Tun da kuɗi suna shiga, tilas a buɗe wata ƙofa da talaka zai ji labarin kuɗinsa. Ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera ko naɗaɗɗe, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wasu ba su san iyakar aikin komin ba, shi ya sa suke kai kowane kuka gun gwamna, ko su yi shiru. Komin ita ke ba da takardar haihuwa, da ta aure, da ta mutuwa. Ita ke kula da kasuwa, da tasha, da mayanka, da tsabtar gari, da yankan filayen gidaje. A 2016 gwamnati ta ƙara miƙa mata wani kaso na ayyuka huɗu: ilimi, lafiya, ruwan sha da kiyaye muhalli. Kuɗinta kuwa suna fitowa ne daga harajin da masu gari da masu unguwa ke tarawa, da tikitin kasuwa, da kuɗin sayar da dabbobi, da kuɗin filaye, da abin da gwamnati da masu taimako suka ba ta. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ce, a cikin kuɗin shiga na yau da kullum, a ware aƙalla kashi 45 cikin 100 domin ayyukan raya gari. Wato in an tara dala 100, dala 45 su tafi ga aikin da ido zai gani, kamar rijiya, aji, hanya ko ganuwa. Wanda ya san wannan, ya san tambayar da zai yi.

Me ya sa muka ce a fara da ganuwa? Domin kowa ya san halin Komadugu. Ruwanta ba a nan yake sauka ba. Daga ƙasar Kano, da Jos, da Bauchi yake tasowa, ya biyo kogin Haɗeja da na Jama'are, ya ratsa Gashuwa da Gaidam, sa'an nan ya zama iyaka tsakaninmu da Nijeriya tsawon kilomita wajen 150, har ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Can sama akwai madatsar Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa ta 1992. Saboda nisan tafiya, ruwan yakan cika bakinsa a wurinmu bayan damina ta wuce, lokacin da sama ta yi fes, tattasai ya kama ƙasa, shinkafa ta fara nuna. A watan Oktoba 2019 kogin ya yi ambaliya, ya raba mutane fiye da 20,000 da gidajensu, ya cinye gonakin shinkafa da na tattasai. A 2022 ya sake. Duk wanda ke Bagara, ko Lada, ko Tam, ko Shetimari, ba sai an ba shi labari ba.

Gina babbar ganuwa aikin gwamnati ne da masu taimako, ya fi ƙarfin aljihun komin. Wannan gaskiya ne. Amma ganuwa ba ta fashewa rana ɗaya. Ramin gafiya ne yake fara cinta, da sawun amalanke, da hanyar da shanu suka bi zuwa shan ruwa, da mai bulo da ya haƙi ƙasa a gindinta, da mai injin ban ruwa da ya huda ta ya sa bututu bai toshe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Irin wannan gyara, ƴan kuɗi kaɗan ne da hannu da yawa, kuma shi ne aikin komin da namu. Lokacinsa kuwa bazara, sa'ad da kogi ya janye, ana iya taka cikinsa da ƙafa. In aka bari sai ruwa ya zo, a shiga neman buhuna da tsakar dare, yara da mata suna ɗibar rairayi da kwano, an makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, ina kuɗin? Mu duba tattasai, wanda ake kira jan zinariya. Shi ne ya fitar da sunan Diffa har kasuwannin Maiduguri da Kano. Bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Diffa a watan Fabrairu 2015, an kafa dokar ta-ɓaci. An hana hawan babur, an hana cinikin tattasai da na kifi, an ƙuntata sayen taki da mai. Manoma sun sha wuya, asusun komin ma ya sha wuya, gama in kasuwa ba ta ci ba, babu tikiti. A 2017 aka ɗage hanin tattasai, a 2019 aka ɗage na kifi. Tun da kasuwa ta komo, kowane buhu da ya hau mota yana barin wani abu a baya.

Ku da kuka koyi lissafi, ɗauki alli mu gwada misali. A ce ranar kasuwa ɗaya an sayar da buhu 200, a ce kowane buhu ana karɓar dala 20. Buhu 200 sau dala 20, dala 4,000 ke nan, wato jika 20. In kasuwa ta ci sau 50 a shekara, an samu jika 1,000, wato miliyan ɗaya. Wannan misali ne kawai, kowa ya sa adadin kasuwarsu ya gani. Abin da misalin ke koya mana shi ne, dala 20 da kake rainawa, in ta shiga asusu, ita ce buhun siminti. In kuwa ta tsaya a hanya, iska ta ci.

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mai ɗaci. Sau nawa ake cewa: "Karɓi rabi, bar tikitin"? Mai buhu yana murna ya rage asara, mai karɓa ya sa a aljihu. Su biyun sun haɗu sun cuci gari. Gobe in ruwa ya shiga gona, mai buhun nan shi zai fi kowa ɗaga murya cewa hukuma ba ta yi kome ba. Wanda bai karɓi takarda ba, ba shi da bakin tambaya. Tikiti ƴar takarda ce ƙarama, amma ita ce shaidarka cewa kana da hannun jari a cikin gari.

Akwai kuma maganar ƙauyukan da ke gefen birni. Diffa ta yi girma ƙwarai. An kafa jami'a a 2014. Tashin hankali ya koro dubban mutane daga bakin tafki da bakin kogi, da ƴan'uwanmu daga Damasak da Malam Fatori, wasu suka zauna irin su Awaridi a bayan gari. Birni yana ta cin gonaki. Mutumin gefe yana biyan haraji irin na ɗan birni, amma sau da yawa famfo da fitila da motar shara ba su kai wurinsa ba. Shi ne kuma ya fi kusa da ruwa. Wanda yake tsakiyar gari yana jin labarin ambaliya a rediyo, na gefe yana jin ta a ɗakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka in za a tsara kasafin shekara, a kira mutanen gefe, a kira waɗanda suka yi gudun hijira, a kira mata masu tsinkar tattasai da shanya shi, a ji daga bakinsu.

Game da gonaki, tun ran 2 ga Maris 1993 ƙasarmu take da dokar karkara, wadda ta kafa kwamitocin ƙasa da ake ce wa Kofo, daga ƙauye har zuwa komin da gunduma. Wanda ya gaji gona, ko ya saya, ko ya karɓi aro ko jingina, yana iya samun takardar shaida a wurinsu. Manomin gefen gari da bai yi wannan takarda ba, ranar da masu awo suka zo da turaku, zai sha wahalar neman diyyarsa. Ku je ku yi tun ba a zo ba.

Mun san abin da wasu manya za su ce. Za su ce: "Yanzu lokacin tsaro ne, ba lokacin tone-tonen lissafi ba." Muna girmama wannan magana, gama mun san abin da sojojinmu suke sha a bakin iyaka. Amma a ganinmu karanta lissafi yana taimakon tsaro. Saurayin da ya ga harajin ubansa ya zama aji da rijiya, ya san yana da rabo a ƙasarsa, mai ruɗi ba zai same shi da sauƙi ba. Wasu kuma za su ce kuɗin kaɗan ne, abin kunya ne a karanta. To, a karanta kaɗan ɗin. In jama'a suka ji da kunnensu cewa an sa ran jika 1,000 amma 300 suka shigo, su da kansu za su ji nauyi. Shugaba mai gaskiya ba abin da zai rasa. Ɓoye lissafi shi ke haifar da zato, har a zargi wanda bai ci ba.

Ga abin da muke roƙon hukumomin komin, cikin ladabi. A liƙa kasafin shekara a bangon ma'aikatar magajin gari da bakin kasuwa, da Faransanci, da Barbarci, da Hausa, da Fillanci, da manyan baƙaƙe yadda mai sabon karatu zai iya bi. A karanta shi a rediyo. A yi taron jama'a sau biyu a shekara, ɗaya kafin a tsara kasafi, ɗaya bayan an kashe. A rubuta kuɗin kowane tikiti a allo a ƙofar kasuwa, don kada mai karɓa ya ƙara, kada mai biya ya rage.

Ga kuma abin da ya rataya a wuyanmu, mu masu karatun manya.

Na ɗaya, kada ka biya ko dala ɗaya ba takarda. Karanta adadin da ke jiki, ka duba kwanan wata, ka adana.

Na biyu, kowane ƙauye ya sayi littafi guda. A zaɓi mutum biyu masu rubutu, namiji da mace, su zauna da bulama su rubuta wanda ya biya haraji, da nawa aka kai, da ranar da aka kai.

Na uku, da kogi ya janye, a fita a taka ganuwa daga farko har ƙarshe. A ƙirga ramuka da tsaguwa, a auna da taki, a rubuta. A kai wa komin takarda ɗaya, a riƙe ɗaya. Magana tana tafiya da iska, rubutu yana zama.

Na huɗu, abin da hannu zai iya, a yi gayya. Dattawa suna tune da zamanin Seyni Kunce, yadda samariya take fita da ganga ta gina aji, ta share hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mun kawo ƙarfi, komin ta kawo shebur, da baro, da buhuna.

Na biyar, in an kira taro, a je. A yi tambaya da ladabi, da takarda a hannu. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Ƴan'uwa, mun yi watanni muna zama kan tabarma da dare muna koyon baƙi da wasali, bayan gajiyar gona. Ba don sa hannu a takardar bashin taki kaɗai muka sha wannan wahala ba. Ga wurin da karatun zai yi wa gari duka amfani. A zauna a ƙauyuka a tattauna wannan magana, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, ku aiko mana da ra'ayinku gidan rediyo, za mu karanta a shirin manoma.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ikon biyan hakki. Allah Ya kawo ruwa mai albarka, Ya tsare mu da ɓarnarsa, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Amin.