Gamin Gambiza: Daga Beljiyam Zuwa Zangon Agege

A ranar 13 ga Yuni, 2010, mutanen Beljiyam suka jefa ƙuri'a, amma sai da aka yi kwana 541 kafin a rantsar da sabuwar gwamnati a ƙarƙashin Elio Di Rupo, a watan Disamba na 2011. Dalili kuwa shi ne ƙasar ta rabu gida biyu, masu harshen Holan a arewa da masu Faransanci a kudu, kowane ɓangare da nasa jam'iyyu, ba wadda ke iya samun rinjaye ita kaɗai. Mai karatu na iya cewa ina ruwan fatake da dillalan Abule Egba da wannan? To, ai babu wanda ya kai su sanin haɗa jari. Wanda kuɗinsa bai kai na motar shanu a kasuwar Oko-Oba ba, dole ya nemi abokin tarayya, kuma ba kullum ne yake samun wanda ransa ke so ba. Ban da haka, irin wannan ciniki an taɓa ƙulla shi a nan Ikko, a bayan kunnensu.

A ranar 12 ga Disamba, 1959, aka yi zaɓen Majalisar Wakilai mai kujeru 312, watau mai son kafa gwamnati sai ya tara 157. Jam'iyyar NPC ta Sardaunan Sakkwato ta sami 134, NCNC ta Dokta Azikiwe da ƙawarta NEPU suka sami 89, AG ta Cif Awolowo da ƙawayenta suka tashi da 73. Lissafin a fili yake: in NCNC da AG suka haɗa kai suna da 162, sun wuce abin da ake bukata. Awolowo ya nemi a yi hakan, har ya yarda Azikiwe ya zama Firayim Minista. Amma Azikiwe ya zaɓi NPC. Gwamna-Janar Sir James Robertson ya kira Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, Azikiwe ya hau shugabancin Majalisar Dattawa, Okotie-Eboh ya riƙe Ma'aikatar Kuɗi, Awolowo kuwa ya zama madugun 'yan hamayya.

A wancan zamani Agege ba ta cikin Ikko ta Tarayya. Tana ƙarƙashin Jihar Yamma ne, inda AG ke mulki, sai a 1967 aka yanka Jihar Legas. Saboda haka Bahaushen Zango, mai ɗaure huhun goro yana lodawa a jirgin ƙasa zuwa Kano, ya wayi gari danginsa na gida suna cikin gwamnatin tsakiya, masu masaukinsa kuma suna hamayya da ita. Wannan ba ƙaramin zama ba ne ga baƙo, wanda rumfarsa da harajinsa duk suna hannun hukumar wurin. Wani abin lura kuma, a zaɓen nan matan Kudu sun jefa ƙuri'a, alhali matan Arewa doka ba ta ba su dama ba.

Wanda gamin ya fi sa wa tsaka mai wuya shi ne Malam Aminu Kano. NEPU ta share shekaru tana fama da NPC da 'yan doka da kotunan En'e, magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala. Sai ga shi ƙawarta NCNC ta kai ta gefen gwamnati, har Malam, wanda ya ci kujerar Kano ta Gabas, ya zama ɗaya daga cikin bulaliyoyin gwamnati a Majalisa. A Ikko ana zama layi ɗaya, a Kano ana ci gaba da gaba. Masu zarginsa sun manta cewa mai kujera takwas ba shi ne ke yanka farashi ba. Duk da haka talakan da ya sha ɗauri yana da hakkin tambaya, domin ba a shawarce shi ba ranar da aka sallama.

Auren bai yi ƙarko ba. Rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963 ta ɓata tsakani, kafin zaɓen 1964 kowa ya kama gabansa, NPC ta jagoranci NNA, NCNC da AG da NEPU suka taru a UPGA.

Bayan shekara 20 aka maimaita. A 1979 NPN ta sami kujeru 168 cikin 449 na Majalisar Wakilai, da 36 cikin 95 na Majalisar Dattawa. Shugaba Shehu Shagari ya nemi NPP ta Azikiwe, mai kujeru 78 da 16, aka ba ta muƙaman minista da kujerar Kakakin Majalisa, wadda Edwin Ume-Ezeoke ya hau. Mutanen Agege kuwa suka sake samun kansu a jihar 'yan hamayya, ƙarƙashin Gwamna Lateef Jakande na UPN. A 1981 yarjejeniyar ta warware, NPP ta umarci ministocinta su ajiye aiki. Farfesa Ishaya Audu, mutumin Zariya, wanda shi ne ya tsaya wa Azikiwe mataimaki a zaɓen, ya ƙi sauka, ya ci gaba da riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje har 1983.