ZANCEN GIDA: Yadda Za A Kai Intanet Har Zaure

A wannan wata za mu amsa wasiƙar wani dattijon ekklesiya daga Daura. Ya ce ya sayi rauta ya ajiye a ɗakinsa, yana zuba mata data kowane wata, amma 'ya'yansa da ke kwana a ɗakin samari kusa da zaure ba su samun kome. Ga shi biyu daga cikinsu suna shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake yin ta. Yana tambaya ko ya ƙara sayen wata rauta.

A'a, Baba, riƙe kuɗinka tukuna. Laifin ba na rauta ba ne, na gini ne. Gidajenmu na ƙasar Daura, ko a birni ko a Sandamu da Zango da Mai'adua, ɗakuna ne a warwatse kewaye da tsakar gida. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye saƙon waifai, rufin kwano kuwa yana mai da shi baya. Abin da kake bukata shi ne wata ƙaramar na'ura wadda ake kafawa a waje, bisa sanda ko a jikin bango, ta karɓi intanet daga rauta ta igiya, ta watsa shi cikin gida duka.

Da fari, juya rautarka ka dubi bayanta. In akwai ramin da ake cusa igiyar intanet, madalla. 'Yar ƙaramar nan ta aljihu mai batir yawanci ba ta da shi, sai an sake ta. A kasuwa kuma za a nuna maka wata mai araha wadda ake maƙalawa a soket, a ce ba ta bukatar igiya. Gaskiya ne, amma ta cikin ɗaki ce, kuma tana raba saurin intanet kusan biyu, gama da baki ɗaya take karɓa take kuma bayarwa.

Yanzu ga babban zance. Na'urar nan za ta zauna a waje shekara da shekaru: ta sha ƙurar hunturu, ta sha zafin bazara sa'ad da rana ke haura digiri 40 a Afrilu, ta sha ruwan Agusta. Saboda haka duba kwalinta ka nemi haruffan IP da lamba biyu. Lambar fari ta ƙura ce, 6 kuwa tana nufin ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 5 tana jure ruwan da aka feso, 7 tana jure nitsewa cikin ruwa mita 1 har minti 30. IP65 ta ishe mu. Wadda ba ta da wannan rubutu, kome daɗin bakin mai shago, bar masa kayansa. Wasu sukan ɗauki ta ɗaki su sa cikin leda ko roba su rataye a waje. Zafi yakan dafa ta tun damina ba ta zo ba.

Za ka kuma ga 2.4 da 5 a rubuce. Na 2.4 ya fi tafiya nesa, ya fi ratsa bango. Na 5 ya fi sauri amma ba ya nisa. In aljihu ya yarda, sayi mai duka biyu, kamar EAP225-Outdoor ta kamfanin TP-Link. Ƙanwarta EAP110-Outdoor tana da 2.4 kaɗai, ta fi araha, ta kuma isa ga karatu da WhatsApp. Waɗannan suna watsawa ta kowane gefe, su ne na tsakar gida. Akwai masu faɗin fuska da ke harba saƙo waje ɗaya kamar tocila. Amfaninsu shi ne haɗa gini biyu masu nisa, misali gidan fasto da majami'a. Kada nisan da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. A fili aka auna shi, kuma dole wayar yaro ita ma ta iya mayar da amsa, ita kuwa ƙarfinta kaɗan ne.

Igiya ɗaya ce ke ɗauke da intanet da wuta tare, don haka ba sai an ja lantarki zuwa waje ba. Kada tsawonta ya kai mita 100, gajeruwa ta fi. A nemi ta jan ƙarfe zalla, ta waje, a sa ta cikin bututun roba saboda rana da ɓera da haƙoran akuya. Wutar da na'urar ke ci ba ta kai ta fanka ba, ƙaramin sola da batir za su riƙe ta tare da rauta. A kafa ta ta ɗan haura kan ɗakuna, amma ba a ƙarƙashin kwano ko cikin ganyen darbejiya ba, kada kuma ta zama abin da ya fi kome tsawo a unguwa. A sa mai gyaran lantarki ya haɗa ta da ƙasa saboda aradu, in hadari ya taso kuma a zare igiyar daga rauta.

Saura abu guda, iyaye. Na'urar ba ta ƙara data, sai dai ta ƙara masu ci. Abin da ke kai ku ƙarshen wata zai iya ƙarewa cikin mako biyu. Saƙon kuma ba ya tsayawa a ƙofar gida, zai kai titi da gidan maƙwabci. Sa lambar sirri mai tsawo, ka sake wadda ta zo da na'urar. In kana so ka taimaki maƙwabcinka, Kirista ko Musulmi, abu ne mai kyau. Yawancin waɗannan na'urori suna da ƙofa ta baƙi dabam, wadda za ka iya ƙayyade mata sauri. Haka kuma ana iya sa mata lokacin rufewa. Ɗakin samari yana nesa da idon uwa da uba, saboda haka ku zauna da yaran ku shirya sa'ar, ko ƙarfe 10 na dare, ka sa mai kafawa ya saita ta tun kafin ya sauko daga tsani.