Ruffian: Goɗiyar da Ake Yaba Jininta, Ake Ɓoye Rabinsa

Yau za mu bar batun ƙa'idojin rubutu mu leƙa filin sukuwa a Amurka, saboda akwai wani labari a can da ya jima yana damun mu, kuma muna ganin ya shafi yadda muke gina jarumanmu a takarda.

An haifi Ruffian ranar 17 ga Afrilu, 1972, a gonar kiwon dawaki ta Claiborne da ke jihar Kentucky. Goɗiya ce doguwa, launinta ya kusa zama baƙi wuluk, sunanta kuwa yana nufin tsageri. Masu ita su ne Stuart Janney da matarsa Barbara, mai horar da ita Frank Whiteley. Ranar da ta fara tsere a filin Belmont na New York, a watan Mayun 1974, ta bai wa ta biyu ratar tsawon doki 15, ta kuma yi daidai da mafi saurin lokacin da aka taɓa yi a wannan nisa a filin. Daga nan har tserenta na goma babu wanda ya sha gabanta a kowace alamar hanya da ake auna matsayi. A 1975 ta cinye manyan tsere uku na goɗiyoyi 'yan shekara uku a New York, wato Acorn da Mother Goose da Coaching Club American Oaks.

Duk wanda zai ba da labarinta, da asalinta yake farawa, kuma ba mu ga laifinsa ba. Ubanta Reviewer ɗan Bold Ruler ne, ingarman da ya haifi Secretariat. Uwarta Shenanigans 'yar Native Dancer ce, wanda ya yi tsere 22 ya ci 21. Turawa ba sa wasa da wannan lissafi. Tun 1791 suke da kundin asalin irin waɗannan dawaki a Ingila, kuma ta wajen uba dukkansu suna komawa ne ga ingarmu uku da aka kai can daga gabas. To idan ka jera wa mai karatu Bold Ruler a dama, Native Dancer a hagu, ai sai ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya gyara zama.

Abin da muke ƙorafi a kai shi ne inda masu yabon suke tsayawa. Reviewer ɗin nan sau uku yana samun karaya a lokacin da yake tsere. A 1977 ya sake karyewa a gona, dole aka kashe shi. A wannan shekarar dai Shenanigans ta farfaɗo daga tiyatar ciki, ta yi ta bugun ƙafa har ta karya ƙafafunta, ita ma aka kashe ta. Ita kanta Ruffian tsagewar ƙashi a ƙafar baya ce ta katse mata shekararta ta farko. Jinin da ya ba ta gudun nan, a cikinsa ake zargin raunin ƙashin yake, kuma muhawarar ta sake tashi a 2008 lokacin da wata goɗiya mai suna Eight Belles, wadda ita ma ke da jinin Native Dancer, ta zo ta biyu a Kentucky Derby sannan ta karya ƙafafun gaba biyu bayan ta wuce layi. Masu kiwo suna zaɓar iri ne saboda sauri, domin sauri ke kawo kuɗi. Ƙwarin ƙashi sai ya biyo baya.

Mu ma haka muke yi a littattafanmu. Sai mu cika shafi uku da asalin jaruma: kakanta basarake, ubanta attajiri, uwarta kyakkyawa 'yar dangi, duk gado na alheri. Ba mu cika barin ta gaji zafin zuciyar uban ko rowar kakan ba, alhali a nan labarin yake.

Amma ko jinin ma bai isa ya ɗauki laifin shi kaɗai ba, kuma nan ne muka fi son mu daɗe. Ranar 6 ga Yuli, 1975, aka shirya mata karo na ita da doki ɗaya tak, Foolish Pleasure, wanda ya ci Kentucky Derby na shekarar. (Shi ma jikan Bold Ruler ne, ashe 'yan uwa aka haɗa.) An tallata abin a matsayin mace da namiji, a daidai lokacin da Amurka ke cikin zazzafar muhawara kan matsayin mata, shekara biyu bayan wasan tanis ɗin Billie Jean King da Bobby Riggs. An zuba dala 350,000. Mutum sama da 50,000 suka cika Belmont, miliyoyi suna kallo a talabijin. Jacinto Vasquez, wanda shi ne mahayin dawakan biyu, ya zaɓi ya hau Ruffian.

Tseren doki biyu ba kamar na doki goma ba ne. Babu wanda zai laɓe a baya ya tara ƙarfi; wanda ya fara shiga gaba yawanci shi ke ci, saboda haka tun daga ƙofa ake sakin linzami. Ga goɗiyar da ba ta taɓa yarda a wuce ta ba, wannan tarko ne. Ba su kai rabin kilomita biyun da aka tsara ba, tana ɗan gaba, ƙananan ƙasusuwa biyu na bayan idon sawun ƙafarta ta dama ta gaba suka fashe. Vasquez ya ja linzami, ta ƙi tsayawa, ta ci gaba da gudu a kan karyayyar ƙafa har raunin ya buɗe. Likitoci suka yi mata tiyata a daren. Da maganin barci ya sake ta, sai ta hau bugun ƙafa a kwance kamar har yanzu tana fili, ta lalata filastar da duk aikin da aka yi. Kafin gari ya waye ranar 7 ga wata aka yi mata allurar ƙarshe.

An yi ta kawo dalilai: wasu sun ce ta bugi kafaɗa a ƙofar tashi, wasu sun ce tsuntsu ne ya razana ta. Ko wanne ne, mu abin da muke gani shi ne ba ta da sauran abin da za ta tabbatar a ranar. Mutane ne suke da tambaya, su suka kafa kyamarori, su suka sa hannu a takarda. Wani zai ce mana ai karaya tana iya zuwa a kowane tsere, har a atisayen safe, kuma gaskiya ne. Za a kuma ce masu ita suna ƙaunarta, wannan ma ba mu musa ba; ƙaunar ce ma ta sa labarin ya yi nauyi, domin babu mugu a ciki da za a jefa wa duka laifin. Sai dai idan muka rubuta shi a matsayin jaruma da ta gudu har ta mutu don zuciya, mun yi wa mai karatu daɗin baki, mun kuma wanke waɗanda suka yanke shawara. Sau nawa muke kashe jaruma da haɗarin mota a babin ƙarshe don kawai mu kauce wa tambayar wa ya tura ta hanyar?

Wanda yake son ganin yadda aka bi labarin daki-daki, da mutanen barga da likitoci da masu kuɗi, ya nemi littafin Jane Schwartz na 1991, Ruffian: Burning from the Start. Mutuwarta na cikin abin da ya ƙara zaburar da likitocin dawaki kan yadda za a farfaɗo da doki daga tiyata ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba, har wasu asibitoci suna yin hakan a cikin tafkin ruwa.

Ruffian ba ta haihu ba, don haka duk lissafin asalin nan a kanta ya tsaya. An binne ta a tsakiyar filin Belmont, hancinta yana fuskantar layin ƙarshe, ta kwanta a nan shekara 48. A 2023, da aka tashi sake gina filin, aka tono ta aka mayar da ita Claiborne inda aka haife ta.