Fulogi Ba Ya Ƙarya

Ya ku 'yan'uwa talakawa, masu babur da masu ɗora masa kaya zuwa kasuwa, yau da ku muke.

Tun ran 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, mai babur ya koma auna mai kamar mai auna zinariya. Da ma in wahala ta sauka, masu cin kasuwarta ba su nisa. Sai ga 'yan kwalabe a tasha da bakin kasuwa, wai maganin mai ne, a ɗiga a tanki lita guda ta yi aikin biyu. Waɗansu ma kafur suke jefawa. Mu ba mu son gardama. A kwance fulogi a tambaye shi, gama shi ke cikin wutar.

Aikin fulogi ɗaya ne, ya ba da tartsatsi a ɗan tsakanin da bai kai milimita guda ba, mai da iska su kama. Farin tangaran ɗin nan na bakinsa shi ke tsare wuta kada ta zille. In inji lafiya lau, bakin ruwan ƙasa ne, busasshe. In ya yi kunkunniya, mai ya fi iska yawa, sai a duba kafireta da soson iska. In baƙi ne mai danshi, ringi ya ci, baƙin mai na haurowa. Amma in kun gan shi ja kamar tsatsa, to, ku tuhumi kwalbar nan.

Ga dalili. Da yawa cikin magungunan da ake cewa suna ƙara wa mai ƙarfi, ƙarfe ne a cikinsu, wani manganis, wani baƙin ƙarfe. Kunkunniya takan ƙone da kanta in fulogi ya ɗauki zafi a doguwar tafiya, amma tokar ƙarfe tana nan daram. Sai ta lulluɓe tangaran, wuta ta bi ta kanta ta zille. Daga nan babur ya soma tari a hawa, ɗanyen mai na fita ta salansa, da safe a yi ta buga kik har gumi. Kafur kuwa baƙin hayaƙi ne nasa, abin da bai narke ba ya je ya toshe kafireta. Ga shi kuma an yi irin maganin nan ne don injuna masu matsi ƙwarai. Ƙananan baburanmu da fetur na kullum aka ƙera su, ba abin da za su ƙaru da shi. Kun ga an biya kuɗin kwalba, an biya na sabon fulogi, mai kuma ya ƙara tafiya. Garin neman ƙiba an samo rama!

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1923 aka fara sayar da fetur mai darma a Amurka, ana yabonsa. Ya ɓata fulogi, ya shiga jinin yara, ba a rabu da shi a duniya ba sai 2021, da Aljeriya ta daina. A nan gida kuma, a Fabrairu 2022 an shigo mana da fetur mai yawan metanol, injuna suka lalace. Wa ya biya gyara? Talaka.

Ba mu ce duka banza ba ne. Akwai na wanke kafireta, marasa ƙarfe, amma wanki suke yi, ba su haifar mai.

Saboda haka muna kira ga hukumar SON, mai duba ingancin kaya, ta fito kasuwa ta gwada kwalaben nan, a kuma tilasta rubuta abin da ke ciki da harshen da mai saye ke ji. Ku kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa, kada ku sayar wa maƙwabci abin da ba za ku zuba a naku tankin ba. Mai babur, wanke soson iska, cika taya, juye baƙin mai kan lokaci. Nan ragin mai yake, ba a kwalba ba.

Allah ya sa mu gane, amin.